Don Me Allah Ya Ajiye Mu a Bakin Wannan Kogi?

Nazarin Littafi Mai Tsarki don ikkilisiyoyin ƙauyukan ƙasar Haɗeja

Zuwa ga mai jagorar nazari: An raba wannan darasi kashi huɗu. Ana iya yin kashi ɗaya kowane mako, a taron addu'a, a Zumuntar Mata, ko a taron matasa. A sa wani ya karanta ayoyin da ƙarfi saboda waɗanda ba su iya karatu ba. Kada mai jagora ya amsa tambayoyin shi kaɗai. A ba tsofaffi da mata da matasa dama su yi magana.

Ayar haddacewa: Afisawa 2:10

GABATARWA



Duk wanda ya zauna a ƙasar Haɗeja ya san kogi abokin zama ne, kuma abin tsoro ne. Shi ke ba mu kifi da shinkafa da alkama da tattasai da albasa. Shi ne kuma yake tasowa a watan Agusta ko Satumba ya kwashe gona da rumbu da ɗaki. Mun ga haka a 2001, mun sake gani a 2018 da 2020. A 2022 kuwa ambaliya ta kashe fiye da mutum 600 a Nijeriya, ta raba fiye da mutum miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jihar Jigawa tana cikin waɗanda abin ya fi shafa. Mutanen Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma da Guri ba sa bukatar a ba su labari.

Idan ruwa ya janye, ma'aikatan agaji sukan zaga ƙauyuka su rubuta asara: gona nawa, ɗaki nawa, awaki nawa. Amma akwai asarar da ba ta shiga takarda. Za ka ga magidanci ya zauna a gindin bishiya yana cewa shi kam tasa ta ƙare. Saurayi ya ɗaure jaka ya nufi Kano ko Legas, ya ce babu abin da Allah ya ajiye masa a nan. Gwauruwa ta ce ba ta da amfani ga kowa, sai dai a taimake ta. Har mun ga 'yan'uwa a ikkilisiya ɗaya sun daina gaisawa saboda rabon kayan agaji.

Bari mu faɗi gaskiya. Hatsin da ake kawowa yana da amfani, amma ba ya daɗewa yake ƙarewa. Idan mai bi ya saba ganin kansa a matsayin suna kawai cikin jerin masu karɓa, to ruwa ya ci masa abin da ya fi gona tsada. Wannan darasi zai taimake mu mu amsa tambayoyi biyu. Don me Allah ya ajiye ni a nan? Ta yaya zan yi girma har in cika wannan nufi?

DARASI DAGA KOGINMU

Kafin mu buɗe Littafi Mai Tsarki, mu dubi abin da muka sani. Kogin Kano da Kogin Challawa su ne suka haɗu suka zama Kogin Haɗeja. Ya bi ta Wudil da Ringim ya zo wajenmu, ya bazu cikin fadamun Haɗeja da Nguru. Ruwansa yana haɗuwa da na Kogin Jama'are su zama Kogin Yobe, wanda ya nufi Tafkin Chadi.

Tsofaffinmu suna tuna lokacin da kogin yake ja da baya ƙwarai da rani, hanyoyin ruwa da yawa su bushe, sannan da damina ruwa ya zo da ƙarfi ya share su. A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 kuma ta Challawa. Madatsun sun kawo amfani, kamar noman rani da ruwan sha ga birnin Kano. Amma sun sauya halin kogin. Yanzu ana sakin ruwa har da rani, yana tafiya a hankali, laka tana kwantawa a ƙasan hanyoyinsa. Irin wurin da kachala take so ke nan: ruwa marar zurfi da ba ya bushewa.

Kowa ya san abin da ya biyo baya. Kachala ta fi mutum tsawo, ta cika hanyoyin ruwa, ta hana kwalekwale wucewa, ta hana masunci jefa koma. Ta zama maɓoyar tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa da gero, da sauro, da dodon koɗi mai yaɗa tsargiya. Ruwa mai yawa ya karkata ta hanyar Marma zuwa Nguru, wasu hanyoyin suka toshe. Inda hanya ta toshe, mutum biyu ne suke kuka: na sama ruwa ya cinye gonarsa, na ƙasa kuma ruwa bai kai masa ba.

Mu riƙe wannan hoto a zuciya. Allah ya yi kowane mai bi ya zama hanyar ruwa. Abin da ya zuba mana na alheri, yana so ya wuce ta wurinmu ya kai ga wani. Nufin Allah a kan mutum ke nan a taƙaice. Girma cikin bangaskiya kuwa shi ne aikin share hanyar don ruwan ya wuce.

KASHI NA ƊAYA: ZAMANKA A NAN BA KUSKURE BA NE

A karanta Afisawa 2:8-10, Ayyukan Manzanni 17:24-27, da Irmiya 29:4-7.

Manzo Bulus ya fara da ceto. Alheri ne, kyauta ce, ba wanda ya saye shi da aikinsa. Wannan ya kamata ya kwantar da hankalinmu. Darajarka a gaban Allah ba ta rataya ga buhu nawa ka samu bana ba. Wanda ya cika rumbu uku da wanda ruwa ya bar shi da rigar jikinsa, jini ɗaya ya fanshe su. Amma Bulus bai tsaya nan ba. A aya ta 10 ya nuna cewa Allah ne ya ƙera mu, kuma tun kafin mu san kanmu ya riga ya tanadi ayyukan kirki da za mu yi. Ba aiki ne ya cece mu ba, amma an cece mu domin aiki.

A birnin Atina kuma Bulus ya koyar da cewa Allah ne ya tsara wa al'ummai zamaninsu da wurin zamansu, domin su neme shi. Ashe haihuwarka a bakin wannan kogi tana cikin sanin Allah.

Wasiƙar Irmiya ta fi kusa da halinmu. An kwashe mutanen Yahuza zuwa Babila. Su 'yan kaɗan ne a cikin mutanen da addininsu dabam yake. Annabawan ƙarya suna ce musu zaman ba zai daɗe ba, don haka hankalinsu yana kan hanya. Sai Allah ya aiko musu cewa zaman zai kai shekara 70. Ya umarce su su gina gidaje, su yi lambuna, su yi aure, su nemi zaman lafiyar garin, su yi masa addu'a, gama lafiyarsu tana haɗe da tasa.

Mu ma a ƙauyukanmu ba mu da yawa. Yawancin maƙwabtanmu Musulmi ne, kuma Fulani makiyaya suna saukowa fadama da rani. Ruwa ba ya tambayar addinin mai gona kafin ya shiga. Jingar da ta ɓalle a bayan gari ta ɓalle wa kowa. Saboda haka nufin Allah a kanmu bai tsaya a bakin ƙofar majami'a ba. Ya haɗa da lafiyar dukan garin.

Wannan ba ya nufin zuwa cin rani zunubi ne. Allah ya kira Ibrahim ya bar garinsu, kuma samari da yawa sun riƙe iyayensu da abin da suka samo a birni. Tambayar ita ce: tafiya kake yi domin ka cika wani nufi, ko gudu kake yi don ka raina inda Allah ya dasa ka? Wanda bai ga amfaninsa a Auyo ba, da wuya ya gan shi a Legas.

Tambayoyi don tattaunawa:

1. Da me mutanen ƙauyenmu suke auna darajar mutum? Da me Allah yake aunawa?
2. Waɗanne abubuwa huɗu ko biyar Allah ya ce mutanen Yahuza su yi a Babila? Wanne ne ya fi mana wuya?
3. Idan ikkilisiyarmu ta tashi daga wannan gari gobe, me maƙwabtanmu za su rasa?

KASHI NA BIYU: DUBI ABIN DA KE HANNUNKA

A karanta Fitowa 4:1-5, Ayyukan Manzanni 9:36-42, da 1 Bitrus 4:10-11.

Da yawa cikinmu muna tsammani kiran Allah na fasto ne da mai bishara da mai jagorar waƙa. Sauranmu kuwa mu zo sujada, mu ba da baiko, mu koma gida. Littafi Mai Tsarki bai koyar da haka ba.

Musa ya yi shekara 40 yana kiwon tumakin surukinsa a Madayana. Yana da shekara 80 sa'ad da ya tsaya gaban Fir'auna. Da Allah ya kira shi, sai ya shiga kawo hujjoji: ba za a gaskata shi ba, bakinsa yana da nauyi, a aiki wani. Allah bai aiko masa da wani sabon kayan aiki daga sama ba. Ya tambaye shi abin da yake riƙe da shi. Sandar kiwo ce, irin wadda kowane makiyayi yake saɓawa a kafaɗa. Da ita aka yi alamu a Masar, ita ya ɗaga a bakin teku.

Tabita ta garin Yafa ba ta taɓa yin wa'azin da aka rubuta ba. Ɗinki ta iya. Ranar da ta mutu, gwauraye suka kewaye Bitrus suna kuka, suna nuna masa rigunan da ta ɗinka. Allah ya tashe ta, mutane da yawa suka ba da gaskiya. Allura da zare suka zama hanyar ruwa.

Bitrus ya ce kowane mai bi ya karɓi baiwa, kuma wakili ne a kanta. Wakili ba mai kaya ba ne. An ba shi amana ce domin ya yi wa waɗansu hidima da ita.

To, ta yaya mutum zai gane tasa baiwar? Ga matakai huɗu.

Na ɗaya, yi addu'a ka roƙi hikima, ka kuma fara yin abin da Allah ya riga ya bayyana wa kowa: gaskiya a ciniki, riƙon iyali, gafara, taimakon marayu. Wanda ya ƙi bin umarnin da yake a rubuce, kada ya zauna jiran wahayi.

Na biyu, lissafa abin da ka iya, kome ƙanƙantarsa. Wani ya iya tuƙa kwalekwale cikin ruwa mai ƙarfi. Wani ya iya gyaran injin ban ruwa. Wata ta iya saƙa tabarmar kaba, wata ta iya banda kifi ya daɗe bai lalace ba. Wani dattijo ya san inda ruwa ya saba ɓallewa tun yana yaro. Wata yarinya ta gama sakandare, ta iya rubutu da lissafi, tana da wayar da za ta karanta saƙo. Wata tsohuwa ba ta iya fita, amma in ta yi wa masu faɗa magana sukan saurara.

Na uku, dubi abin da yake damun zuciyarka a gari. Nehemiya yana zaune lafiya a fadar sarki, amma labarin rushewar garun Urushalima ya hana shi sukuni. Wataƙila kai yaran da suka daina zuwa makaranta ne suke damunka. Wataƙila ke zawon da yake kama jarirai bayan ambaliya ne yake hana ki barci. Sau da yawa a inda abin da ka iya ya gamu da abin da ke damunka, a nan Allah yake nuna maka aikinka.

Na huɗu, tambayi 'yan'uwa. Ido ba ya ganin kansa. Je wurin dattijo ko uwar zumunta ka ce, Baba, ko Mama, me kuke ganin Allah ya ba ni? Ka kuma saurari amsar ko da ba ita kake so ba.

Aiki a cikin taro: A zauna biyu biyu. Kowa ya faɗa wa ɗan'uwansa abu ɗaya da ya ga ya iya. Sannan a rubuta duka a allo ko a babbar takarda, a manna a bangon majami'a. Kada a tsallake kowa, har yara da marasa lafiya. Ikkilisiyar da take cewa ba ta da kome za ta yi mamakin tsawon jerin.

Tambayoyi don tattaunawa:

1. Waɗanne hujjoji Musa ya kawo? Wace ce ta fi kama da tamu?
2. Wace ce Tabita a ƙauyenmu? Mun taɓa gode mata tun tana da rai?
3. Akwai baiwar da muka raina a ikkilisiya don ba a yin ta a kan bagade?

KASHI NA UKU: KACHALAR ZUCIYA

A karanta Matiyu 25:14-30, Markus 4:26-29, da 2 Bitrus 1:5-8.

A misalin talanti, bawan da aka hukunta bai saci kuɗin ubangidansa ba, bai kuma cinye ba. Ya haƙa rami ya binne. Ya karɓa, amma kome bai wuce ta wurinsa ba. Da aka tambaye shi dalili, ya ce tsoro ne. Ku lura kuma da yabon da aka yi wa mai biyar da mai biyu, iri ɗaya ne. Ubangiji bai gwada su da juna ba. Aminci ya duba.

Kamar yadda kachala take toshe hanyar ruwa, akwai abubuwan da suke toshe rayuwar mai bi. Ga kaɗan da muka saba gani a ƙauyukanmu. Tsoro: in na gwada na kasa, za a yi mini dariya. Hassada: don me wane ya samu buhu biyu ni ɗaya? Riƙo: shanun wane sun shiga gonata shekara biyar da suka wuce, har yau ban yafe ba. Zaman jira: sai hukuma ta zo, sai masu agaji sun zo. Sai kuma shan giya da ƙwaya, waɗanda suke cinye kuɗin iri da ƙarfin samari. Mutumin da waɗannan suka toshe shi, shi da kansa yana cutuwa, kuma wanda ya kamata ya amfana da shi ya rasa. Kukan mutum biyu ke nan, kamar a kogi.

Waɗanda suka taɓa fita yankan kachala za su koya mana abu uku game da girma.

Na fari, a ƙarƙashin ruwa ake yanke ta. In ka sare ta a sama ko ka ƙone ganyen kawai, saiwar tana nan da rai, ba da daɗewa ba za ta tsiro. In ka yanke ta ƙasa da fuskar ruwa, sai ruwa ya rufe kututturen, saiwar ta rasa iska ta ruɓe. Haka tuba take. Gyaran hali a gaban mutane ba ya isa. Sai an kai ga abin da yake ɓoye, a furta shi ga Allah, a nemi gafarar wanda aka yi wa laifi, a mai da abin da aka ƙwace.

Na biyu, ba a yi sau ɗaya a huta. Hanyar da aka share bana, in an ƙyale ta, baɗi ta sake toshewa. Karatun Maganar Allah, addu'a a gida safe da yamma, zuwa sujada, cin jibin Ubangiji, waɗannan su ne laujen mai bi. Wanda bai iya karatu ba, ɗansa ya karanta masa aya biyu kafin barci. Bitrus ya jera halaye yana cewa a ƙara wannan a kan wancan, daga bangaskiya har zuwa ƙauna. Ɗaya bayan ɗaya ake ƙarawa.

Na uku, aikin gayya ne. Ba mai share hanyar ruwa shi kaɗai, kuma in ƙauye ɗaya ya share nasa ɓangare, na gaba bai share ba, ruwa ba zai wuce ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowane mai bi ya nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah da zai iya gaya masa gaskiya, su riƙa yin addu'a tare. Mace ta nemi mace, namiji ya nemi namiji.

Kada kuma mu karaya in ba mu ga canji da wuri ba. A Markus 4 manomi ya shuka, ya kwanta ya tashi, iri yana tsiro ba tare da ya san yadda aka yi ba. Namu shi ne shuka da noma. Girma daga wurin Allah yake. Sannu ba ta hana zuwa.

Tambayoyi don tattaunawa:

1. Me ya sa bawa na uku ya binne nasa? Me muka binne a ikkilisiyarmu?
2. Wace irin kachala ce ta fi yawa a tsakaninmu?
3. Akwai wanda ya kamata in je wurinsa mu shirya kafin Lahadi mai zuwa?

KASHI NA HUƊU: SA'AD DA RUWA YA CINYE KOME

A karanta Luka 13:1-5, Farawa 41:33-40, da Farawa 50:15-21.

Wani zai ce, duk na ji, amma na yi aminci, na ba da zakka, ruwa kuma ya cinye gonata, ya bar ta wanda ba ya zuwa sujada. Wannan tambaya ce mai nauyi, kada a yi wa mai yin ta tsawa. Kada kuma kowa ya ce wa wanda ya yi asara zunubinsa ne ya jawo. Yesu da kansa ya ƙi wannan magana sa'ad da aka yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa. Gonar da ke kwari ita ruwa ke fara ci, ko ta wane ce. Abu na farko da ya kamace mu shi ne mu yi kuka tare da mai kuka, mu kai masa abinci da tabarma.

Amma asara ba ta soke nufin Allah. Yusufu yana da shekara 17 'yan'uwansa suka sayar da shi. Sai da ya kai 30 ya tsaya gaban Fir'auna. A cikin shekarun nan 13 ya yi bauta, ya yi kurkuku a kan laifin da bai yi ba. A gidan Fotifar ya koyi riƙon dukiya, a kurkuku ya koyi riƙon mutane. Da lokaci ya yi, shawarar da ya bayar ta manomi ce: a ajiye kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona a shekaru bakwai na ƙoshi. Rumbunan nan suka ceci Masarawa da baƙi, har da 'yan'uwan da suka sayar da shi. A ƙarshe ya gane cewa muguntar da suka nufa, Allah ya juya ta ta zama ceton rayuka.

A tarihin bishara a ƙasarmu ma akwai irin wannan. A ƙarshen 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Legas da niyyar kawo bishara arewa. A 1894 Gowans da Kent suka mutu, Bingham ya koma gida. Ya sake gwadawa a 1900, ciwo ya mai da shi. Sai a 1902 aka kafa tasha a Patigi. Daga wannan aiki na SIM ne ikkilisiyar ECWA ta fito a 1954. Wanda ya dube su a 1894 zai ce asara ce tsantsa.

Manoman fadama sun san ruwan da ya cinye shinkafa yakan bar danshi da laka mai kyau a baya, inda za a sa wake ko kankana ko kayan lambu. Wannan ba ya mai da abin da aka rasa. Amma wanda ya zauna yana kallon gonar da ta tafi har danshin ya bushe, ya yi asara biyu. Matar da ta yi jinyar ɗanta cikin ambaliya ita ce ta fi sanin yadda za ta ƙarfafa wata. Abin da ka sha wuya a kansa yana iya zama hidimarka.

Tambayoyi don tattaunawa:

1. Waɗanne maganganu ne bai kamata a faɗa wa wanda ya yi asara ba?
2. Me Yusufu ya koya a shekarun wahala da ya amfane shi daga baya?
3. Me ambaliyar da ta wuce ta koya mana da za mu koya wa 'ya'yanmu?

MU AIKATA

Nazarin da bai kai ga aiki ba, shi ma binne talanti ne. A koma ga jerin da aka manna a bango, a zaɓi abu biyu ko uku daga cikin waɗannan, a sa suna da rana.

• Rumbun ikkilisiya. A lokacin kaka kowane gida ya kawo abin da ya iya, ko tiya ɗaya ce. A ajiye a kan tudu, a ware iri dabam. Mutum uku su riƙe, da mace a cikinsu, a rubuta shiga da fita, a karanta a gaban jama'a. A amince tun farko cewa maƙwabci mabukaci zai samu ko ba Kirista ba ne.

• Jinga da hanyoyin ruwa. Tun da rani dattawa su je wurin mai unguwa ko dagaci su ce samarinmu a shirye suke ranar gayya. Kada mu jira a kira mu.

• Masu sauraron sanarwa. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina a farkon shekara, ana kuma yin gargaɗin ambaliya a rediyo. A sa matasa biyu su riƙa saurare suna sanar da gari. A san tudun da za a gudu, a san wanda zai ɗauki kowane tsoho da gurgu.

• Lafiyar yara. Zumuntar Mata ta koya wa kowace uwa tafasa ruwan sha bayan ambaliya, da haɗa ruwan gishiri da sukari: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba mai zawo kaɗan kaɗan, a kuma hanzarta kai shi asibiti.

• Koyon sana'a. Duk mai sana'a a ikkilisiya ya ɗauki yaro ɗaya ko yarinya ɗaya bana, a fara da marayu.

Bayan wata uku a sake zama a tambayi juna: me muka yi, wa ya amfana, me ya hana? Ku aiko mana da labarin ta hannun fastonku domin sauran ikkilisiyoyi su ƙaru.

ADDU'A

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka da ka cece mu ta wurin alherinka, ka kuma ajiye mu a wannan ƙasa da saninka. Ka gafarta mana inda muka raina abin da ka sa a hannunmu. Ka ta'azantar da waɗanda ruwa ya yi wa ɓarna. Ka share zukatanmu daga tsoro da hassada da riƙo, domin alherinka ya wuce ta wurinmu zuwa ga maƙwabtanmu. Ka ba garinmu da shugabanninmu zaman lafiya. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.